Ɗorawar Kaka a Gonar Baffa

Ƙaya na fara gani. Tun daga bakin gona, ban kai ga sauke kwandona ba, na hango an kewaye gindin ɗorawar da ƙayar magarya sabuwar sara, ganyenta ko yaushi bai yi ba. Da na matso sai na ga jan fenti a jikin kututturen, an shafa shi a karkace, daidai ƙirjin namiji. Duk mai bin hanyar Gaya ya san wannan fentin. Shi masu gawayi suke shafa wa bishiyar da suka riga suka yi cinikinta. Na tsaya da gorar ƙugiya a kafaɗa, rana tana fara zafi. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida sai in ajiye biro in jira.

Amma ba za ka gane dalilin da ya sa na sa hannu na janye ƙayar nan ba sai na koma da kai baya.

Kakan babana ne ya sari wurin da muke zaune, kusa da Toranke. Daga gabas ya taso, shi da matarsa da jaki ɗaya, a zamanin da Turawa suka fara zama a Kano, haraji yana korar mutane daga wannan gari zuwa wancan. Ya nemi izini aka nuna masa daji, ya sare, ya ƙone, amma duk ɗorawar da ya tarar ya bar ta a tsaye. Kaka, wato mahaifiyar babana, ta riske shi da rai lokacin da aka kawo ta gidan amarya, kuma daga bakinta na ji abin da ya bari. Ya ce ƙasa ta maza ce, a raba ta yadda Allah ya raba. Ɗorawa kuwa ta mata ce. Namiji in ya rasa zai yi ƙodago ya ci, mace in ta rasa sai abin da ke hannunta. Ya kuma ce kada a jira mutuwa, domin abin da mutum ya mutu ya bari ya zama gado. Tsohuwa ta zaɓi yarinyar da take so tun tana da ƙarfinta, ta ba ta hannu da hannu. Haka uwar mijin kaka ta ba kaka, haka sauran bishiyoyin suka bi gwaggonni. Wasu iska ta kayar, wasu tsufa. Lokacin da na yi wayo guda ɗaya ce ta rage, a tsakiyar gonar da ta faɗa rabon baffana.

Ni ba ni da ko kunya ɗaya a wannan gona. Babana ya riga mahaifinsa rasuwa, ina goye, kuma ka san jikan da ubansa ya riga tafiya ba shi da rabo matuƙar akwai ɗa a raye. Innata ta yi wani auren can wajen Kademi, aka bar ni a ɗakin kaka.

Da ni kaɗai ce a ɗakin da ba ni da abin faɗa. Amma akwai 'yar baffana, tsararta ce ni, tsakaninmu bai kai damina ɗaya ba. Ita aka sa wa sunan kaka. In ka tashi a irin gidanmu ka san abin da wannan yake nufi. Baffa ba ya kiran sunanta, sai ya ce uwata. Ko laifi ta yi ba mai ɗaga mata hannu, wa zai daki mai sunan tsohuwa? Kaka kuma takwara take ce mata, tana faɗa tana jan kalmar kamar mai tsotsar alewa. Ni kuwa sai ke. Ke, ɗauko ruwa. Ke, akuya ta shiga rumbu. Ba da faɗa take faɗa ba, amma kunnen yaro yana auna irin wannan.

Ita takwara fara ce, mai gashi. Kaka da kanta take yi mata kitso, ta kwantar da kanta a cinya, tana tsefewa tana ba ta labarin auren dā. Nawa gashin gajere ne mai tauri, sai a tura ni gidan maƙwabciya, wadda hannunta kamar na mai tufka igiya. Ina zaune a can ido yana hawaye, ina jiyo dariyarsu ta kan katanga. Ranar kasuwa in baffa ya dawo da tsire, takwara ce take kai wa kaka, kaka ta gutsira mata na farko. Ana ba ni, ban taɓa kwana da yunwa ba, kada in ɗauki alhakin matacciya. Sai dai ni ta biyu ce a komai, kuma na ƙware wajen lura. Na san wa aka fara kira da safe. Na san wa aka rufa wa zane mai kauri. Akwai ranar da ta yi zazzaɓi kaka ta yini tana shafa mata kai, ni kuma na je bayan ɗaki na zauna a rana, ina fatan nawa zazzaɓin ya zo.

Wuri ɗaya ne kaka take ɗaukata ita kuma ta bar ta a gida, shi ne gindin ɗorawa. Ni a lokacin ban ɗauke shi gata ba. In sanyi ya wuce, bishiyar ta fitar da jan furen nan mai lilo kamar tuntun hula, ƙudan zuma su yi ta guna a sama har ka ji kamar bishiyar ce take magana. Daga nan sai 'ya'ya su zubo dogaye, su yi kore, su yi ja, su bushe. A tsakiyar bazara ake girbi, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Kaka tana saƙala ƙugiya tana fizgowa, ni ina tsincewa, tururuwa tana cizona, wuyana yana ƙagewa da kallon sama. Mu dawo gida in ɓare, in daka, in tankaɗe garin nan rawaya har ya shiga hancina da gashin idona. A wanke kalwa a shanya, a tara ɓawon don makuba, masu daɓen ɗaki su zo nema. Ina cikin wannan takwara za ta fito da lallenta a ɗaure a ƙafa, ta debi gari a tafin hannu ta lasa, ta ce, “Bana bai kai na bara zaƙi ba.” In da kallo yana kisa, da tuni an yi sadakar bakwai ɗinta.

Shekarar da muka gama firamare kaka ta kira mu mu biyu. Ta buɗe tsohuwar adudunta ta fito da 'yan kunnen zinare, waɗanda tun ina ƙarama nake leƙensu in ta fita, na sha gwada su a gaban madubi. Ta sa wa takwara da hannunta. Sannan ta ce mu bi ta gona, ta biya ta kira tsohuwar nan mai daddawa da ke sayen kalwarmu. A gindin bishiyar ta kama hannuna ta ɗora a jikin kututture, ta miƙa mini gorar ƙugiya.

“Fizgo.”

Na fizgo, 'ya'ya suka zubo mini a ka.

“To, ta fita hannuna. Na ba ki ita duniya da lahira, kun dai ji.”

Na dubi bishiya, na dubi kunnen takwara yana walƙiya a rana. A raina na ce, ita an ba ta abin ado, ni an ba ni aiki. Ko godiya sai da mai daddawa ta zungure ni sannan na yi.

Tun daga ranar kaka ba ta sake taɓa ƙugiyar ba. Takan raka ni, ta zauna a inuwa tana taunar goro da sauran haƙoranta. In tana son kalwar miya sai ta miƙo ƙoƙo ta ce, “Mai ɗorawa, a sam wa tsohuwa.” Ni na ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika, har nakan ce mata ba na ba da bashi ga wanda ba shi da haƙori. Ta yi dariya ta ce in haƙori ake bi, akuya ma ta fi ni arziki. Da kalwar nan na yi sakandare a Ajingi, littafi da takalmi da sabulu. Amma ko a aji, in na tuna 'yan kunnen sai in ji ɗaci a bakina. Takwara ta yi aure a cikin Gaya, gidan siminti mai famfo, ga miji wanda take so kuma yake son ta. Ranar kai ta kaka ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na tsaya a bakin ƙofa ina tambayar kaina ko ni za a yi wa rabin wannan kukan.

Ba ta kai ga nawa ba. Ta rasu bayan girbin gero, a hannuna, sunan takwara ne a bakinta tana tambaya ko ta iso. Aka raba abin da ta bari, tukwane da awaki da zannuwa, ba wanda ya ambaci ɗorawa, ni ma ban ga dalilin ambato ba. Na ci gaba da zama a ɗakinta, a cikin gidan baffa.

To ka ga inda nake a safiyar da na ga ƙaya da jan fenti. Da ina da natsuwa, da na koma gida na durƙusa gaban baffa na tambaye shi. Amma a wurinmu ƙaya a gindin bishiya magana ce, ma'anarta mai abu ya hana. Wanda ya ga ƙaya ya juya, ya yarda ke nan ba tasa ba ce. Na sa ƙugiya na janye ta gefe, na fara fizga. Ban tsaya ba har kwando ya cika.

Ina ɗaure bakin kwandon na ji babura. Yayana ne, babban ɗan baffa, da 'yan sintiri biyu, ɗaya da gora ɗaya da bindigar toka. Shi ne ya kawo masu gawayin, ashe har sun ba da kafin alƙalami.

“Ga ta nan,” in ji shi. “An kafa ƙaya ta cire. In ba sata ba mene ne sunan wannan?”

“Yaya, ni ce fa.”

“Na gan ki ai, 'yar boko. A makarantar ba a koya muku kayan mutane ba?”

Suka ce in ɗauki kwandon a kaina in wuce gaba. Ban san tafiya daga gona zuwa ƙofar mai gari tana da tsawo haka ba. Babura biyu suna bina a hankali, yara suka taso daga ko'ina, mata suna leƙe ta kan danga. Wata yarinya da nake koya wa karatu da yamma ta tsaya da tallanta tana kallona, baki buɗe. Na ji wani ya faɗi kalmar, ɓarauniya, a hankali, kamar yana gwada ta a bakinsa. Ɗan sintirin mai gora ya ce in mai gari bai gama da ni ba, ofishin 'yan sanda na Gaya za su kai ni, can ake kwana a tsaye. Ban taɓa shiga ko harabar wurin ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, na san ko an sake ni gobe, sunan ya zauna. Garinmu ba ya manta irin wannan, har jikokin mutum ake gaya wa.

Aka zaunar da ni a ƙasa a bakin zaure, kwandon a gabana kamar gawa. Aka kira liman, aka kira baffa. Da ya zo ya gan ni a haka sai ya kawar da kai, ya ce wa ɗansa, “Ni ban ce ka taro mata gari ba.” Amma da mai gari ya tambaye shi, bai janye ba.

“Ranka ya daɗe, gonata ce, kowa ya sani. Bishiyar ta mahaifiyata ce, ta rasu, ni ne magajinta. Inuwarta tana kashe mini shuka shekara da shekaru, na yi haƙuri saboda tsohuwa. Yanzu ga taki ya gagari talaka.”

Ba ƙarya ya yi ba a kan inuwar. Gero ba ya yin kai a ƙarƙashinta.

Liman ya juyo gare ni. Na ce kaka ta ba ni tun ina yarinya. Muryata ta fito kamar ta wata. Ya ce kyauta tana da sharaɗi. In an ba ka abu da baki amma ya zauna a hannun mai shi har ya mutu, ya koma gado. In kuwa ka karɓa ka riƙe yana raye, naka ne. Ya ce in kawo shaida, namiji ɗaya ko mata biyu, sannan in rantse.

Namiji ba ni da shi, kaka ba ta kira ko ɗaya ba, a ganinta harkar mata ce. Aka ɗauko mai daddawa, ta zo tana dogara sanda, ta faɗi abin da ta gani ba ta rage ba. Liman ya ce saura ɗaya.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya, kuma 'yar mai ƙara ce, ƙanwar wanda ya kamo ni. Wadda na shekara ashirin ina ƙirga lomarta. Ko a zaman makokin kaka sai da na gaya mata magana, na ce masu zinare an iso bayan an gama wanka. Tun ranar ba mu gaisa ba. Mai daddawa ce ta faɗi ta, ba ni ba. Mai gari ya sa aka kira ta a waya, aka ce a jira.

Aka tashi aka yi azahar aka bar ni da ɗan sintiri. Inuwar zauren ta janye ta bar ni a rana, ban iya ko matsawa ba. Ina kallon hanya ina tunanin buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi, kullum ƙaruwa suke. Gonakin da muka sani da duhuwa yanzu kana hango ƙarshensu daga farkonsu. 'Yan matan yanzu ba mai son warin daddawa a hannunta, dunƙulen kanti ya wadatar. Wataƙila ni ce mace ta ƙarshe da za a ɗora wa hannu a jikin bishiya a gidanmu, kuma ga inda abin ya kawo ni. Rabin zuciyata yana addu'a ta zo. Rabin yana cewa gara ofishin 'yan sandan Gaya da in ga ta sauko ta same ni a ƙasa.

Ta zo a adaidaita, ana gab da la'asar. Mayafi mai tsada, ciki ya fara fitowa, wanda ban ma san da shi ba. Ta durƙusa ta gaida mai gari da liman, ta gaida mahaifinta. Ni ko kallo.

Baffa ya ce, “Uwata, ki faɗi abin da kika sani kawai.”

Ta sunkuyar da kai ta ce:

“Baba, ka yafe mini. Ina wurin. Ta ɗora hannunta a kai, ta ba ta ƙugiya, ta ce duniya da lahira.”

Liman ya ce, “Bayan nan wa yake girbi?”

“Ita. Kaka ko kalwar miya roƙa take yi a wurinta, da ƙoƙo.” Sai muryarta ta canja, ta ɗago. “Allah gafarta malam, ba zan manta ba, don ranar kwana na yi ina kuka. Ni mai sunanta, aka sallame ni da abin kunne, wanda a haihuwar fari ma ana iya sayarwa. Ita aka ba abin gidan. Na tambayi kaka, ta ce ni ina da uba.”

Yayana ya buɗe baki, baffa ya ɗaga masa hannu. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙasa, ya ce, “Tsohuwa ba ta taɓa gaya mini ba. Ko ta gaya mini ban ji ba.” Liman ya ce in je in yi alwala. Na yunƙura zan tashi, ban taɓa dafa Alƙur'ani don rantsuwa ba, ko mai gaskiya yana tsoron wannan. Baffa ya ce a bari.

“Ba za a rantsar da 'yar ɗan'uwana a kaina ba. Uwata ta faɗa, ya isa. A mayar wa masu gawayi abinsu.”

Ladan ya fara kiran la'asar. Mai gari ya sa sandarsa ya turo kwandon gabana.

“Tashi, 'yata, ɗauki kayanki ki tafi gida. Ba inda za a kai ki. Duk wanda na ji ya sake kiran ki da wannan suna, ni da shi ne.”

Na ji maganar, amma jikina bai ji ba. Ina nan zaune a cikin wannan zafi. Mutane suka watse zuwa masallaci. Takwara ta zo wucewa ta gabana za ta hau adaidaitarta, na buɗe baki zan yi mata magana.

“Kada ki gode mini,” in ji ta, ba ta ko tsaya ba. “Ki dai aiko mini da gari. Shi cikin nan yake so, na kasuwa kuma duk gauraye ne.”

Na bi ta da kallo, ƙafarta da jan lalle, mahaifinta yana riƙe mata labulen adaidaita, bayan ta kayar da shi a gaban gari. Ya kamata in ji sanyi a raina, na sani. Abin da na ji shi ne, har kuɓutata ma a hannunta Allah ya sa ta.